Windows ta ce had disk ɗina na da matsala, mai gyara ya ce a yi fomat. Wanne zan bi?

"Assalamu alaikum Malam, don Allah taimako nake nema. Laftof ɗin da nake amfani da ita a gida kusan shekara biyar ce ta fara nauyi wajen sati uku kenan, in na buɗe folda sai ta tsaya cak kamar minti biyu kafin ta dawo. Shekaranjiya wani saƙo ya fito wai Windows ta gano matsala a had disk, in yi kwafin kayana. Jiya da na kunna ta daɗe tana cewa tana gyaran disk kafin ta hau, kuma lokaci lokaci ina jin ɗan ƙara ƙas-ƙas daga ƙasanta. Ƙanina ya ce in yi chkdsk, mai gyaran da na kira kuma ya ce bairos ne, in kawo a yi fomat a sa sabuwar Windows. Aikin digirina na biyu yana ciki, da hotunan marigayi Babanmu, ba ni da su a ko'ina. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin ki ci gaba da karatu, in laftof ɗin tana kunne yanzu haka don Allah ki kashe ta ki zare caja, ki ƙarasa karanta sauran a waya. Kar ki ce bari in ƙara kunnawa sau ɗaya in ga ko za ta sake, wannan "bari in ƙara gwadawa" ɗin shi ya fi cinye wa mutane kaya a duk abin da na gani a sana'ar nan.

In na fahimce ki daidai, tambaya biyu ce ta haɗe miki wuri ɗaya. Ɗaya, ya za a yi kwamfutar ta dawo aiki. Biyu, ya za a yi aikin digirinki da hotunan Baba su fita lafiya. Ƙaninki da mai gyaran duk ta farkon suke amsawa, kuma ba mugunta ba ce, an ga inji ya lalace dole hankali ya tafi kan gyaran inji. Amma ke ta biyun ce ta hana ki barci, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganin ta farkon sau da yawa shi ke kashe ta biyun. Disk ana sayen wani, Windows ana sake sa ta cikin awa ɗaya ko biyu, hoton wanda ya rasu kuwa babu inda za a je a sake ɗauka. To kaya su fita tukuna, gyara ya biyo baya.

Me ke faruwa a cikin disk ɗin

Tunda ƙas-ƙas kike ji, kusan tabbas disk ɗinki irin mai juyawa ne, wato HDD, don SSD, wato ɗaya nau'in disk ɗin na zamani, ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa balle ya yi kuka. A cikin ɗan akwatin ƙarfen nan akwai faifai ɗaya ko biyu masu ƙyalli kamar madubi, a laftof yawanci suna juyawa sau 5400 a minti ɗaya, wasu 7200. Sai wani ɗan siririn hannu da ke yawo a samansu, a bakinsa akwai kan da ke karantawa yana rubutawa, kuma kan nan ba ya taɓa faifan sam, iskar juyawar ce ke ɗauke da shi, tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce kawai, kaurin silin gashi ɗaya ya ninka ta sau dubbai. Kin ga kenan abin da ke faruwa in aka ɗauki laftof tana kunne aka dangwarar a kan tebur, ko ta zamo daga kan gado, ko ta yi ta zafi a kan katifa shekara da shekaru. Wani lokacin ma babu faɗuwa babu komai, tsufa ne kawai, shekara biyar ana juyi ba wasa ba ne.

Saman faifan an yanka shi ƙananan gurabe da ake ce wa sakta, a tsofaffin disk kowanne bait 512 ne, a na baya-bayan nan 4096. In gurbi ɗaya ya fara ƙin karantuwa, disk ba ya haƙura nan take, sai ya yi ta komawa yana sake gwadawa, hannun nan yana zuwa yana dawowa, ita kuma Windows tana tsaye tana jiransa, maus na motsi amma komai ya ƙi dannuwa. Tsayuwar minti biyun da kike gani kenan, kuma ƙarar ma galibi daga nan take. Kowane disk kamfani ya ɓoye masa gurabe na ajiya, in ɗaya ya mutu sai ya musanya shi da na ajiya shiru ba tare da kin sani ba, amma yana rubuta lissafin abin a wani tsari mai suna SMART. Saƙon da kika gani ba Windows ce ta ƙirƙiro shi ba, disk ɗin ne da kansa ya ce lissafina ya wuce iyakar da aka sa mini. Shi ya sa maganar bairos ba ta zauna mini ba. Bairos na iya sa nauyi, yana iya ɓoye fayil, amma ba ya sa ƙarfe kuka.

A shekarar 2007 wasu injiniyoyin Google sun fitar da bincike a kan disk sama da dubu ɗari da suke amfani da su. Sun ga cewa disk ɗin da aka samu kuskuren farko a saman faifansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 masu zuwa, sannan kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu babu wani gargaɗin SMART da suka bayar, haka kawai suka tafi. Naki ya yi miki sallama kafin ya tafi, wannan ma abin godiya ne, sai dai lokacin da ya rage ba yawa gare shi ba, kuma duk awa ɗaya da ya yi yana juyawa daga cikinsa ake cirewa.

Ba na so in ɓoye miki cewa akwai abubuwan da ke kama da mutuwar disk alhali ba ita ba ce. An taɓa kawo mini wata kwamfutar tebur mai shuɗin allo kullum, mai ita har ya sayo sabon disk yana riƙe da shi a leda, da na duba sai na ga lamba ta 199 ce kawai a SMART ta hau sama, wadda ke ƙirga kuskuren da ke faruwa a hanya tsakanin disk da madabod. Kebul ɗin SATA da ke haɗa su ne ya saki, bakinsa ya tsage, na canza shi shikenan. RAM mai matsala ma yana lalata fayil a ɗora wa disk laifi, fanka in ta cika da ƙura tana ƙara, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana hargitsa tsarin fayil alhali ƙarfen lafiyarsa lau, sannan disk na waje mai USB in tashar da aka soka shi ba ta ba shi isasshiyar wuta sai ya yi ta ƙas-ƙas kamar zai mutu, USB 2.0 milli-amfiya 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900, a canza tasha ko kebul sai ya tashi. Amma naki alamomi huɗu ne suka taru, nauyi, saƙon gargaɗi, gyaran disk wajen tashi, da ƙara. In suka taru haka ni ina ɗaukar disk ɗin a matsayin mai mutuwa har sai lambobi sun nuna mini akasin haka.

Me ya sa ba chkdsk ba, ba fomat ba

Chkdsk, wato abin da Windows ke duba disk da shi ta gyara, manhaja ce mai kyau, ina amfani da ita kusan kullum, amma a san aikinta. Ita damuwarta littafin lissafin disk ya daidaita, wato tsarin NTFS da ke cewa fayil kaza yana gurbi kaza. In ta tarar da bayanin da bai daidaita ba, ba ruwanta da ko hoton Baba ne, za ta iya yanke shi ta jefa gutsattsarinsa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna found.000, ko ta share bayanin gaba ɗaya don littafin ya yi tsaf. Sannan in aka sa mata /r, wanda shi yawancin mutane ke sawa, sai ta bi kowane gurbi na disk ɗin tun daga farko har ƙarshe tana karantawa, in ta zo wurin ciwon ta tsaya tana nanatawa. Kamar a ɗauki mai karaya a ƙafa ne a ce ya zagaya fili da gudu don a gano inda ƙashin ya tsage.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwar mini da disk ɗinsa a cikin ambulan, ya ce ya bar chkdsk tana aiki tun magariba har asuba, ta maƙale a wuri ɗaya ba ta gaba, da safe ya danne maɓallin wuta ya kashe. Da na haɗa shi na kara kunnena, sai in ji ya tashi fuuu, ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya, ya sake tashi. Kwamfuta ko sunansa ba ta gani. Bayan ya haƙura ya bar mini shi na buɗe don in nuna wa yaran da nake koyarwa, a saman faifan akwai zobe guda da kan ya karce, zagaye cif kamar an zana da allura, ɗan farin matacin iskar da ke gefe kuma ya koma toka-toka da garin abin da aka kankare. Wannan garin shi ne takardunsa na shekara bakwai. A daren da ya tayar da chkdsk ɗin yana iya buɗe folda, da ya yi awa ɗaya yana kwafi maimakon awa goma yana gyara da ya fita da mafi yawansu. Har yau in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi.

Kuma ki lura, wancan "gyaran disk" da kika ce ta yi jiya kafin ta hau, chkdsk ɗin ce Windows ta tayar da kanta. In kin sake kunnawa kika ga tana ƙirga daƙiƙu tana cewa a danna kowane maɓalli don a tsallake duba disk, ki danna da sauri.

Fomat kuwa ba sai na ja ba. Goge littafin lissafin ne gaba ɗaya, sabuwar Windows kuma ta zo ta zauna a kan gurbin da kayanki suke. Kwamfutar za ta iya yin kamar ta warke na sati biyu ko wata ɗaya, sannan ciwon ya dawo, ga kaya sun tafi ga disk bai gyaru ba.

Yadda za a kwashe kayan

A nan sai kin yi zaɓi, kuma ƙarar ce za ta yanke hukunci. In ƙas-ƙas ɗin jefi-jefi ne, kwamfutar tana hawa, folda na buɗuwa ko da a hankali, to akwai damar kwashewa a gida. In kuwa ƙarar ta zama a jere ba tsayawa, ko kina jin kamar ana goga ƙarfe, ko disk ɗin ya ɓace gaba ɗaya, ki tsallake wannan sashen ki je na gaba.

Ki shirya komai kafin ki danna maɓallin wuta. Ki samo filash mai girma ko disk na waje mai isasshen wuri, ki zauna da biro da takarda ki rubuta abin da kike so bi da bi da inda kowanne yake. Aikin digiri farko don ƙarami ne, 'yan daƙiƙu zai ɗauka, sai hotunan Baba, sai sauran takardu, fina-finai da waƙoƙi da duk abin da za a iya sake saukewa daga intanet ki bar su, ko kallonsu kar ki yi. Laftof ɗin ta zauna a kan tebur mai tauri, caja a jone, kar a motsa ta, ki kashe Wi-Fi don kar Windows ta fara sauke sabuntawa tana rubutu a kan disk ɗin. Kar ki buɗe hotunan don ki gani ko suna nan, kwafi kawai, folda ɗaya bayan ɗaya, kar ki zaɓi komai lokaci guda. In fayil ya ƙi, saƙo ya fito yana maganar CRC ko ya ce ba a iya karantawa, ki danna tsallake, kar ki danna sake gwadawa, ki rubuta sunansa a takarda ki wuce. In ƙarar ta ƙaru ana cikin yi, ki kashe.

Abin da ya fi wannan kyau, in ƙaninki yana da ɗan hannu a harkar, shi ne kar a tayar da Windows daga disk ɗin kwata-kwata, don tashinta kaɗai dubban karatu da rubutu ne. A wata kwamfutar daban a sa Ubuntu, wani tsari ne da ke tayar da kwamfuta a madadin Windows, a filash da manhajar Rufus, a tayar da taki daga filash ɗin, daga nan a buɗe disk ɗin a kwashe. Ko a ciro disk ɗin a sa shi a ɗan akwatin USB a jona a wata kwamfutar. In an jona Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, amsar a'a ce, ko sau nawa ta tambaya. In kuma ƙaninki zai yi amfani da robocopy, wato umarnin kwafin fayil na Windows, ya tuna ya sa /R:0 /W:0, don in ba a sa ba ita a tsarinta na asali fayil ɗin da ya ƙi sau miliyan ɗaya za ta sake gwada shi, tana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowanne.

Abu ɗaya kafin a ciro disk, BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da disk a kulle mai su bai ma sani ba, musamman in an shiga da akawun ɗin Microsoft. In naki a kulle yake, da zarar an kai shi wata kwamfutar sai an sa mabuɗi mai lamba 48 kafin ya buɗe, in babu shi ko ni ko wanda ya fi ni ba mai iya komai. Ki shiga akawun ɗinki na Microsoft ta waya tun yau ki duba ko akwai mabuɗin a ajiye, in akwai ki kwafe shi a takarda.

Ni in disk irin naki ya zo hannuna, abin da nake fara yi shi ne duba SMART, don wannan ba ya wahalar da disk, lissafin da ya riga ya rubuta kawai ake karantawa. Manhajar CrystalDiskInfo ce ke nuna lissafin, kyauta ce, akwai wadda ba sai an girka ta ba, daga filash take tashi, shuɗi lafiya, rawaya hattara, ja mutuwa. Amma kalar ba ta ishe ni ba, lambobin nake kallo, ta 5 gurabe nawa aka riga aka musanya, ta 197 nawa ne suka ƙi karantuwa ana jiran hukuncinsu, ta 198 nawa ne suka gagara. Ta 197 ta fi tayar mini da hankali, don tana nufin akwai kaya a wurin da a yanzu ba a iya karanta su. Daga nan sai in ɗauki hoton disk ɗin gaba ɗaya, wato in kwafe shi gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko wanda ya fi shi, da manhajar GNU ddrescue. Abin da ya sa nake sonta, tana fara kwashe wuraren da ke da sauƙi da gudu, in ta ci karo da wuri mai ciwo sai ta tsallake ta rubuta a taswirarta, sai ta gama da mai sauƙin kaf sannan ta dawo tana lallaɓa gefen ciwon a hankali, ko wuta ta ɗauke za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na sha zama ina kallon allon nan baƙi da dare, lambar abin da aka ceto tana hawa, 80, 95, 99 da ɗigo, disk ɗin a gefe na sa masa ƙaramar fanka. Bayan an gama sai a ajiye mara lafiyan, duk wani chkdsk ko manhajar ceto fayil irin su TestDisk ko PhotoRec a kan kwafin ake yin sa, in an ɓata a sake wani. Sai dai ddrescue ba ta ɗan koyo ba ce, in aka juya sunan disk ɗin da ake kwasowa da wanda ake zubawa, to an shafe kayan da hannu kenan. In ƙaninki bai taɓa yi ba, kar ya fara koyo a kan hotunan Baba.

In ya wuce aikin gida

A nan iyakata take, gara in faɗa miki. Duk abin da na lissafa yana aiki ne in disk yana juyawa kuma kwamfuta tana ganinsa. In kan karatun ya lalace ko injin juyawar ya maƙale, sai an buɗe shi a wuri mai tataccen iska an canza kan da na wani disk irinsa sak, wannan aikin masu ceto bayanai ne na musamman masu kayan aikinsa, ni ba na yi, kuma yawancin masu gyaran kwamfuta ba sa yi ko da sun ce suna yi. Yana da tsada, amma in abin da ke ciki ba shi da madadi, disk ɗin da ba a wahalar ba shi ya fi ba su damar nasara. Kar ki yarda kowa ya kwance shi a kan teburin shago don ya "leƙa", ƙura ɗaya ta fi tazarar kan nan girma. Kar a sa shi a firiza, tsohuwar dabara ce da ke yawo a intanet, raɓa take tarawa a kan faifai. Kar a bubbuga shi. Canza allon lantarkin bayansa da na wani ma ba ya aiki haka kawai a disk na zamani, don akwai ɗan guntu a jiki mai ɗauke da bayanan saitin wannan disk ɗin shi kaɗai, sai an ciro shi an mayar.

Wa za ki kai wa, me za ki ce

Yadda kika rubuto mini tambayar nan ya yi kyau sosai, kin faɗi yaushe ya fara, me kika gani, me kika ji, me ke ciki. Yawancin masu neman taimako "kwamfutata ta lalace" kawai suke cewa, sai an yi ta jan su da tambaya. Abin da zan ƙara miki, duk saƙon da ya fito ki ɗauke shi hoto da waya kafin ya ɓace, musamman in akwai lamba a ciki, ki rubuta samfurin laftof ɗin daga takardar da ke manne a ƙasanta, ƙarar ma in kin kunna don kwafi ki naɗe ta a waya. Kuma duk abin da aka riga aka gwada ki faɗa, ko da kina ganin kuskure ne, mai gyara na gaskiya ba faɗa zai yi miki ba, hanya zai canza.

In za ki miƙa ta ga wani, maganar farko da za ta fito daga bakinki ita ce "kayan ciki nake so, ban yarda a yi fomat ba, ban yarda a sa Windows ba", ki rubuta a takarda ki manna a murfin, don wanda kika gaya wa ba lallai shi ne zai yi aikin ba. Sai ki tambaye shi me zai fara yi. In ya ce zai ɗauki hoton disk ɗin zuwa wani kafin ya taɓa komai, kin samu mutum. In ya ce zai "sikanin" ɗinsa da manhajar gyaran bad sakta, ki karɓi abinki ki yi godiya. Mai gyaran da kika kira kuwa, ban ce ba ya da ilimi ba, amma yanke hukuncin bairos ta waya ba tare da ya ga lambobi ba, ga ƙara ga gargaɗi, gaggawa ce. Kuma ki tuna duk wanda ya riƙe disk ɗinki yana iya ganin komai na ciki, hotunan iyali, takardu, fasuwod ɗin da burauza ta ajiye, to ki zaɓi mai amana, in da hali a yi aikin kina zaune, bayan an gama ki canza fasuwod ɗin imel da na banki.

Ki yi hattara da taimakon intanet na ƙarya. In kina cikin burauza wani shafi ya cika allo yana ƙara yana cewa disk ɗinki zai goge, ga lambar waya ki kira Microsoft, damfara ce. Saƙon kuskure na gaskiya daga Windows ba ya zuwa da lambar waya, Microsoft kuma ba ta kiran mutum haka kawai ta ce ta ga matsala a kwamfutarsa. Abin da suke so ki girka musu AnyDesk ko TeamViewer su shiga kwamfutarki daga nesa. Manhajojin kansu halal ne, ni ma ina taimakon mutane da su daga nesa, amma wanda kika sani kika nema da kanki kaɗai za ki ba wa. Ballantana matsala irin taki ba ta gyaruwa daga nesa, ƙarfe ne ya gaji.

Bayan kaya sun fita

Wannan shi ne mai sauƙin. Tsohon disk ya yi ritaya, ko da bayan fomat ya koma nuna shuɗi a CrystalDiskInfo kar ki sake ba shi amanar komai, amma kar ki yar da shi sai kin buɗe kwafin kin tabbatar babin aikinki suna buɗuwa, hotunan suna nunawa cikakku ba rabi toka ba. Ki sa SSD mai inci 2.5 a gurbinsa, bakinsu ɗaya da tsohon, za ki ga laftof mai shekara biyar ta tashi kamar ba ita ba. In Windows 10 ce a kai, Microsoft ta daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, to tunda za a sa sabuwa a duba ko injin zai ɗauki Windows 11. SSD ba ya tsoron girgiza kamar wancan, sai dai shi in zai mutu yawanci ba ƙara ba sallama, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo saboda wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin tun da wuri. Saboda haka aikin digirin nan daga yau ya zauna wuri uku, a kwamfuta, a disk na waje da ake cirewa a ajiye, sai Google Drive ko OneDrive, Google na ba da giga 15 kyauta, ya ishi rubutu da hotuna masu yawa. Hotunan Baba kuma ki tura wa 'yan'uwanki kowa ya riƙe nasa.

Kafin ma ki kunna, ki duba imel ɗinki, wataƙila kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki wasu babi suna nan a cikin saƙonnin da kika aika, ki kuma tambayi 'yan gida da tsofaffin wayoyi ko wasu hotunan suna can. Duk abin da aka samu ta nan an rage wa disk ɗin wahala. In kin kunna don kwafin, ki ɗauko mini hoton allon CrystalDiskInfo gaba ɗayansa, lambobin 5 da 197 da 198 da 199 su fito sosai, da ƙarar da kika naɗa, daga nan zan gaya miki ko ƙaninki ya ci gaba ko a tsaya a kai wa masu buɗewa. Allah ya fitar miki da su lafiya.